Neman kalma: me za mu kira "backpacking" da "couchsurfing" da Hausa?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani rahoto kan matasan Turai da ke kwashe watanni suna zaga Tailan da Biyetnam da Nefal, jaka a baya, kuɗi ƙalilan, sai kalmomin nan biyu suka tsaya mini a wuya. "Yawon buɗe ido" ya yi faɗi, don har mai sauka a babban otal yana ciki. Su kuwa waɗannan tsimi ne sana'arsu: motar haya ta talakawa, abincin bakin titi, gado mai hawa biyu a ɗakin haɗaka na titin Khao San a Bankok, ko kuma su sauka gidan ɗan gari kyauta. A taimaka.

Malamin makaranta, Zariya:
Wa alaikumus salam. Kafin wani ya ce "yawon duniya", a bar shi. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce wance ta tafi yawon duniya. Shi wannan yawo yana da asali. A shekarun 1960 da 1970 samarin Turai kan taso daga Landan ta ƙasa, su bi Istanbul, Tehran, Kabul, har Katmandu, sai da juyin juya halin Iran da shigar sojan Sobiyet Afganistan a 1979 suka toshe hanyar. Ni dai "yawon jaka" nake gani, mai yin sa kuma "ɗan jaka".

Wani daga Maraɗi:
Haba Malam, ɗan jaka? A rubuce ai ba mai raba shi da ɗan jakar da ke kuka a bayan gari. Kuma ku a Najeriya jaka kuɗi ce, mu ma nan jika ɗaya sefa dubu ce. Wani sai ya zaci yawon neman kuɗi ne. A ce "ɗan goyo" mana, tunda goya ta yake yi.

Malamin makaranta:
Ɗan goyo kuma jariri ne, ɗan'uwa. Mun yi kunnen doki.

Dattijo, Zangon Kumasi:
'Ya'yana, ku dubi gida tukuna. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga ba otal suke sauka ba, wurin maigida suke sauka. Ya ba ka ɗaki, matansa su dafa maka, ya adana kayanka, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in rigima ta tashi. Ba shi ne abin da kuke nema ba?

Mai tambaya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ya yi kama, amma maigida yana da la'adarsa a cinikin, a nan kuwa sharaɗin shi ne kada kuɗin kwana ya shiga tsakani. Wanda ya kafa shafin intanet na Couchsurfing, Casey Fenton, ya sami tikiti mai araha ne zuwa Aisland ba shi da masauki, sai ya aika wa ɗaliban jami'ar can saƙo yana neman inda zai raɓa. Daga nan dabarar ta fito, aka buɗe shafin a 2004. Kalmar ma kujerar falo take nuni, wato inda ake shimfiɗa wa baƙo in babu ɗaki.

Wani daga Maraɗi:
To ai an gama: kwanan zaure. Kujerar falonsu ita ce zaurenmu. Tabarma, buta, akushin tuwo ya fito daga cikin gida, da asuba a kawo koko.

'Yar jarida, Kaduna:
Ya yi daɗin faɗa, amma kun manta da mu. Wace mace ce ake saukewa a zaure? Ciki ake shigar da ita wurin uwargida, alhali mata da yawa ne ke wannan yawo su kaɗai. Kada kuma wani ya gyara ya ce "kwanan gida", wannan ya fi yawon duniya muni. Ni a ganina ba wurin kwanan ne jigo ba, yarda ce. Mutum bai taɓa ganinka ba, ya ba ka makullin ƙofarsa. In kun rabu, kowa ya rubuta shaida a kan ɗan'uwansa, na gaba ya karanta kafin ya ce zo. Ƙungiyar Servas, da aka kafa tun 1949, sai ta yi hira da kai ta ba ka takardar gabatarwa, kuma kwana biyu ne ƙa'idar zama, bai ma kai kwana ukun da hadisi ya ba baƙo ba. Don haka na ce "saukar amana". Shi mai gidan kuwa sunansa na nan tun fil azal, mai masauki.

Dattijo:
'Yata, kin yi magana. Amanar ce ta riƙe zango ma.

Malamin makaranta:
Na bi. Saura ta farkon. Tunda jaka ita kaɗai ta ƙi, goyo shi kaɗai ya ƙi, a haɗa su irin ginin ci-rani da ɓata-gari: goya-jaka. Yawon goya-jaka, ɗan goya-jaka, 'yar goya-jaka, 'yan goya-jaka. Ba mai goya jaka ta dabba, ba kuma mai goya kuɗi.

Wani daga Maraɗi:
'Yan firamare ma ai goya jaka suke yi kullum da safe.

Malamin makaranta:
Shi ya sa "yawon" ke gaba. Ɗan firamare ba ya tsallaka iyakar Kambodiya.

Mai tambaya:
Ga yadda jimlar ta fita: "Tun da Couchsurfing ya sa kuɗin rajista a 2020, wasu 'yan goya-jaka sun koma shafin BeWelcome don neman saukar amana." Ta zauna a kunnena, da su zan miƙa aikin. Na gode ƙwarai.

Wani daga Maraɗi:
Ba komai. Amma in namiji ne a labarin, ni kwanan zaure zan rubuta.