Neman shawara: ƙanwata na goyon ciki, Inna ta ce ungozomar gida ta isa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ke da cikin fari, wata takwas, an kawo ta gida goyon ciki a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Inna ta kafe a gida za ta haihu, tunda ga tsohuwar da ta yanke mana cibiya dukkanmu. Asibitin da ke da ungozoma kuwa tafiyar rabin awa ce a babur. Kwana biyun nan ƙafafunta sun kumbura. Me ta asibiti take yi wanda ta gida ba za ta iya ba? Ta yaya zan shawo kan Inna ba tare da ta ga raini ba?

Ungozomar asibiti:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, fara da kumburin nan. Na ƙafa kaɗai ba abin tashin hankali ba ne ga mai tsohon ciki, amma ki duba fuskarta da safe, ki ga ko zobe ya matse mata yatsa. Gobe a kai ta awo, a auna jini a gwada fitsari. In jinin ya kai 140/90, ko tana ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, hanyar jijjiga ke nan, kuma masu cikin fari ta fi kamawa. Allurar magnesium sulphate ke tare ta, ba turare ba.

Aikinmu a naƙuda ido ne da agogo. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin a ce ta yi nishi, muna dubawa duk awa huɗu. In ta fara yunƙuri da wuri bakin ya kumbura ko ya tsage, ita kuma ƙarfinta ya ƙare tun ba a zo wurin ba. Bugun zuciyar jariri muna saurara duk rabin awa, daidai shi ne 110 zuwa 160 a minti. In ruwan faya ya fito kore-kore, ɗan ya yi kashi a ciki, wataƙila ya galabaita. Tsohuwa komai gwanintarta ba ta da abin auna waɗannan.

Ma'aikacin lafiya:
Hajiya, abin da ya fi kashe masu haihuwa jini ne, kuma ba ya sallama. Mace lafiya lau, cikin awa biyu sai labari ya canza. Shi ya sa da fitowar jariri, cikin minti ɗaya, in an tabbatar babu na biyu a ciki, ake yi mata allurar oxytocin yunit 10 a cinya don mahaifa ta tsuke. Inda babu allurar, misoprostol ƙwaya uku, kowacce mai ƙarfin microgram 200, ake ba ta. Ku roƙa a wurin awo ku ajiye, amma wallahi kada ta sha shi ɗa na ciki. Haka "allurar naƙuda" da wasu masu kemis ke yi a gida, fasa mahaifa take yi. Mabiyiya kuma ba a jan ta da ƙarfi, ba a cusa wa mace muciya a baki don ta yi kakari. In rabin awa ta wuce ba ta faɗo ba, ko jini ya jiƙe zani sharkaf yana ci gaba, a kama hanya ana murza mata mara.

Mai tambaya:
Na gode. Inna ta ce in naƙuda ta daɗe gishiri ne, a yanke.

Ungozomar asibiti:
Don Allah kada reza ta kusance ta. Abin da ke tare haihuwa ƙugu ne ya yi wa kai kaɗan, ko kwanciyar ɗan ba daidai ba, yanka bai gyara ko ɗaya. Kan da ya daɗe yana danne mafitsara shi ke huda ta, rezar ma haka. Sashen yoyon fitsari na asibitin Jahun irin waɗannan matan yake karɓa. Kada rana ta fito ta faɗi tana kan gwiwa. Ki kuma sa ido, mai haihuwar fari kunya kan sa ta ɓoye ciwo har dare ya raba, ki riƙa kwana ɗakinta.

Uwargida:
Ƙanwata, kada ki ja da Inna, kuma kada ki ce ungozomarta ba ta iya ba. Ki ce da ita za a tafi asibitin. Ita za ta riƙe yarinya, ta shafa mata baya, ta karɓo mabiyiya a binne a gida yadda aka saba, goronta da sabulunta na nan. Ki sa mijin ya faɗa da bakinsa tun yau cewa ya ba da izinin a kai ta asibiti ko ba ya nan. Ku yi magana da mai mota, ku karɓi lambarsa, kuɗin mai a ƙulle gefe guda. Maza biyu na dangi su san su ne masu ba da jini. A jaka: zannuwa huɗu wankakku, audugar mata, hular jariri, tocila da katin awo.

Ma'aikacin lafiya:
Na jariri: a goge shi a kifa shi a ƙirjin uwa, ya kama nono cikin awa ɗaya, kada a matse dakashi a zubar. Wanka sai ya kwana. Cibiya chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kawai za a shafa, ban da gasa ta da tsumma mai zafi, ban da man goge baki.