Neman shawara kan numfashin mahaifiyata

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci game da mahaifiyata, mai shekara 67, wadda muke zaune tare a Ƙofar Mata, cikin birnin Kano. Wata 8 ke nan numfashinta yana yin sama-sama, ko alwala ta yi sai ta zauna ta huta, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo uku. Ƙafafunta suna kumbura, tarin kuma ya tsananta tun da hazon hunturu ya sauko. An gwada kakinta, ba a sami tarin fuka ba.

Likita na farko ya ce zuciyarta ce ta yi rauni har ruwa yake taruwa a huhu, ya rubuta mata maganin da ke sa yawan fitsari. Na biyu kuwa ya ce hayaƙin itacen girki na shekara da shekaru ne ya tsuke hanyoyin iska, kuma huhun da ya lalace yakan wahalar da ɓangaren dama na zuciya, sai ya ba ta maganin shaƙa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shin cutukan biyu suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya? Wanne ya kamata mu fara yi, hoton zuciya ko gwajin busa iska da ke auna ƙarfin huhu? A yanzu tana amfani da magungunan biyu, kuma hankalina bai kwanta da hakan ba.