Sa taswira a tsohuwar mota: wa ya taɓa yi?

Baban Khalifa, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce da ni ƙirar 2005, da rediyonta na asali mai cin faifai. Aiki ya fara kai ni ƙauyukan Balanga da Shongom, kuma ban san hanyoyin can ba. Ina son cire rediyon in sa allon Android mai taswira, amma wani abokina ya ce waya kaɗai ta wadatar. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani.

Direban Sharon, layin Gombe zuwa Yola:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da waya nake aiki, kuma tana biya min buƙata. Babban abokin gabarta zafi ne. A watan Maris da Afrilu, in ka manna ta a gilashin gaba, kafin ka kai Kumo ta yi zafi jau, hasken allon ya dushe, caji ya tsaya. Robar mariƙin ma takan saki, ka faɗa rami ɗaya wayar ta faɗo ƙasan birki, abin da yake da haɗari sosai. Yanzu mariƙi mai maƙalawa nake amfani da shi, ƙasa kaɗan inda rana ba ta dukanta. Sannan ka nemi caja mai amp 2 ko fiye. Ƙananan nan na arha, taswira tana shan batir fiye da yadda suke zubawa.

Maman Iman, Tumfure:
Tawa Camry ce 'yar Amurka, da allonta ta zo, amma taswirar da ke ciki ta can ce, Gombe ko alamarta babu. Maigidana ya kai aka sa na Android. Na farko mai RAM 1GB ne, wato ƙwaƙwalwar aikinsa ƙarama ce, sai ka wuce kwanar hanya kafin ya ce ka juya. Muka mayar aka canza da mai 2GB, abin ya yi sauƙi. Gaskiya kyamarar baya da aka haɗa ta fi min taswirar amfani, saboda yaran layinmu da ke wasa bayan mota.

Mai wayarin, Tashar Dukku:
Hajiya ta yi gaskiya kan RAM, kada ka sayi ƙasa da 2GB. Malam Baban Khalifa, ni aikina ke nan, bari in gaya maka inda ake samun matsala. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da firam ɗinta da soket ɗinta da ake sayarwa tare da allon, a cusa kawai ya zauna. Duk wanda ya ɗauko reza zai yanka maka wayoyin mota, ka ce ya dakata. Akwai waya ruwan ɗorawa mai ɗauke da wuta kullum daga batir, akwai ja wadda sai an murza makulli take kawo wuta. Masu gaggawa sukan murɗe su wuri guda a kan wutar batir, allon ya ƙi mutuwa gaba ɗaya. Mota ta kwana biyu a ajiye, da safe ta ƙi tashi, mai ita ya je ya sayi sabon batir alhali batirinsa lafiya lau. Irin wannan gyaran yana zuwa min sosai, kuma yana ɓata min rai don aikin minti kaɗan ne a yi shi daidai.

Sai eriyar GPS mai gano inda motar take, ɗan baƙin akwatin nan mai doguwar waya. Sama take son gani. In aka tura ta can ciki ƙarƙashin ƙarfe, za ka ga kibiyar da ke nuna motarka a taswira tana yawo a cikin gidajen mutane kana kan titi. A ɗora ta kan dashbod kusa da gilashi, kuma ka gwada kafin ka biya kuɗin aiki.

Ɗan Bajoga:
Yaya, ko allo ko waya, abin da zai cece ka a ƙauye shi ne ka sauke taswirar tun kana cikin gari. GPS daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ba ya cin data, hoton hanyoyin ne ke buƙatar intanet. A Google Maps akwai wurin da za ka zaɓi yanki ka adana shi. Ni na ɗauko daga Gombe har Nafada da Dukku, ko sabis ya ɗauke tana ci gaba da jagora, sai dai ba ta nuna cunkoso.

Amma kada ka ba ta amana ɗari bisa ɗari da damina. Ta taɓa nuna min wata gajeriyar hanya bayan Ashaka, na bi na tarar da rafi ya kawo, babu gada, sawun babura ne kawai ya shiga ruwan. Wani dattijo da ke ɗaure da buhun taki a kan keke ya ce min, “Yaro, wannan hanyar rani ce, koma ka bi kwalta.” Taswira ba ta san wannan ba. Sunayen ƙauyuka ma wani lokaci an rubuta su daban da yadda muke faɗa, wasu babu su sam. Abin da ya fi shi ne wanda za ka je wurinsa ya turo maka wurin da yake ta WhatsApp tun yana da sabis.

Direban Sharon:
Haka ne ƙanina. Kuma a sa wurin zuwa kafin a tayar da mota, a ɗaga murya a saurara. Latsa waya kana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗura ke kamawa, balle ga rayukan da ka ɗauko.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da waya da mariƙi a tafiyar Talasse ta mako mai zuwa, in sauke taswirar Gombe ta Kudu yau da dare. Maigida mai wayarin, in daga baya na sa allon, shi ma sai na saya masa layi?

Mai wayarin:
Ba dole ba ne, ranka ya daɗe. Ka kunna masa intanet daga wayarka a gida, ya sauke taswirar sau ɗaya, lokaci-lokaci ka sabunta. In za ka zo, ka taho da tsohon rediyon ka ajiye shi, ranar sayar da mota wasu masu saye na asalin suke tambaya.