Waɗanda suka taɓa hawa dutse ko shiga tsofaffin wuraren bauta, ku ba mu labari

Mai shago a Wunti, Bauchi: Assalamu alaikum. Yara sun matsa sai na fita da su yawon buɗe ido a hutun nan, babbar kuma ta ce ita dutse za ta hau, ta gaji da kallon namun daji ta tagar mota. Duk wanda ya taɓa hawa wani dutse, a gida ko a waje, ko ya shiga irin tsofaffin gidajen bautar nan, ya faɗa mana abin da ya tarar.

Malamar firamare, Kaltungo: Wa alaikumus salam. Alhaji, ku taho Tula mana. Hanyar tana hawa tana lanƙwasa, sai direba ya bi a sannu. Can sama iska na da sanyi-sanyi ko lokacin da Gombe ke ƙuna. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina gonakinsu ne, hawa-hawa a jikin dutse, an jera duwatsu an tare ƙasa don kada ruwan sama ya wanke ta. Akwai kuma tsohon kurkuku na zamanin Turawa. Sai dai ku fara gaida dattawa ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora. Akwai wurare na al'ada da baƙo ba ya takawa, babu kuma allon da zai sanar da ku.

Mai sarin kaya daga Sin: Maganar Malama haka take har a waje. A Gwanzu na hau dutsen Baiyun, ana iya bin matakala, ana iya shiga ɗan akwatin nan mai tafiya a jikin waya. Ranar hutu cunkoso ne kamar kasuwar Alƙaleri. Na leƙa gidan bautar Liurong mai doguwar hasumiya, hayaƙin turare ya cika ko'ina, mutane na ta rusunawa gaban gumakan Buda. Na tsaya daga gefe, ban ɗauki hoton kowa ba, su ma ba su kula ni ba. Ba nisa daga nan akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, can na yi azahar. Za a kuma nuna maka kabarin da ake dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, duk da malaman tarihi sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Wani daga Jahun: To Alhaji me ya kai Musulmi gidan gumaka?

Ɗalibi a Masar, ɗan Azare: Yaya, hukuncin a tambayi malamai, ni dai ga abin da na gani. A Karnak da ke Luksor akwai zaure guda mai ginshiƙai 134, mutum ɗaya ba ya iya rungumar ɗaya daga cikin manyan. Ba mai bauta a wurin yau, kufai ne. Kana tsaye sai ka tuna masu mulkin da suka sa aka sassaƙa sunayensu a jiki, yanzu ɗan jagora ne ke karanto su don a ba shi na shayi. A cikin haikalin Luksor kuwa masallacin Abul Hajjaj ne zaune a kan ginin Fir'aunoni, ana kiran salla a ciki har yanzu. Wanda zai je ya fita da asuba, don rana na ɗagawa dutsen kansa zafi yake fesowa. Kuma ku gama ciniki da mai keken doki kafin ku hau.

Hajiya daga Tudun Wada, Gombe: Ni Jabalun Nur na hau, wajen Kogon Hira. Ba ya cikin aikin Hajji, son gani ne kawai. Da dare muka tashi saboda rana. Hawan da wuya, amma saukowa ce ta gasa mini gwiwa. Kogon ɗan ƙarami ne, ga layi, ba ka daɗewa a ciki. 'Yata, in kina karantawa, ki bar silifas a gida, ki nemi takalmi mai kama ƙasa, ki riƙe ruwanki da kanki.

Direban haya, Bauchi: Alhaji, ka gaya wa yarinyar Yankari ma akwai hawa. Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da can suka haƙa a jikin dutse. In an sauko a faɗa ruwan Wikki, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, a dai yi hattara da gwaggon biri, sun iya fizgen leda. Akwai kuma zanen dutse na Geji ta wajen Toro, amma da damina ban ba da shawarar ƙaramar mota ba.

Mai shago a Wunti: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da alama Tula za mu fara. Malama, in mun taso daga Bauchi bayan asuba za mu iya juyowa a ranar, ko gara mu kwana a Kaltungo?