Neman kalma: kwamfaila da fayil ɗin da ke juya ta

Malama daga Gusau: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina yadda ake nemo fpc.cfg a gyara shi, wato fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfailar Free Pascal (manhajar da ke mayar da rubutun shirin kwamfuta zuwa harshen inji) yadda za ta yi aiki, kuma da Hausa nake son yin darasin. A Windows yana folda ɗaya da fpc.exe, wato ita kanta kwamfailar. A Linux yana /etc/fpc.cfg, ko .fpc.cfg a foldar gida, wanda ɗigon farkonsa ke ɓoye shi sai an buga umarnin ls -a. Makon jiya wata yarinya ta goge layin -Fu don ba ta san amfaninsa ba, kwamfaila ta kasa gano inda kayan aikinta suke, yarinyar har da hawaye. Da sunan ya faɗa mata aikin fayil ɗin, da ba ta taɓa shi da ka ba. Kalma biyu nake nema: ta kwamfaila, da ta fayil ɗin.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam Malama. Fayil ɗin saiti. Duk mai waya ya san saiti. Kwamfaila kuma tafinta.

Na Yauri: Tafinta ba zai yi ba, Yaya. A bar wa manhajojin harsunan kwamfuta irin su Python, masu fassara suna aiwatarwa nan take. Kwamfaila sai ta juya rubutun gaba ɗaya zuwa harshen inji kafin a kunna. Ni maharhaɗi na zaɓa. Manhajar A-0, ɗaya daga cikin kwamfailolin farko, da Grace Hopper ta yi a 1952, harhaɗa guntayen umarni yake yi, can sunan ya samo asali.

Dattijo daga Talata Mafara: Wanga abu na ban takaici. Fayil, saiti, folda, duk Turanci na! Mi ya hana mu ce kundin sharuɗɗa? Kwamfaila kuwa maƙeri. Ka kai mai ƙarfe ya fito maka da fartanya, kuma fartanya ba ta komawa yadda ƙarfen yake. Shekara biyu ina faɗin maƙeri, ba mai saurare don ba daga Kano ta fito ba.

Ɗan Argungu: Allah ya ƙara girma Baba, ai tafinta ma daga Turanci muka aro, ta zauna daram. Kuma ba wanda ya kawo zancen Kano.

Dattijo daga Talata Mafara: Kullum sai an jira Jami'ar Bayero ta sa hannu, kamar mu nan ba a cikin Hausa aka haife mu ba.

Na Yauri: Baba, misalin maƙeri ya yi kyau ƙwarai. Matsalar ita ce akwai wata manhajar daban mai suna make, yara za su rikita su.

Malama daga Gusau: Na gode. Zan rubuta fayil ɗin saiti a allo, don shi za su gane nan take. Kwamfaila zan ce maharhaɗi, in yi bayaninsa da misalin Baba na ƙarfe da fartanya. Kuma ba mai taɓa fayil ɗin sai ya kwafe shi ya ajiye gefe.

Dattijo daga Talata Mafara: To ɗiyata, saiti dai na bar miki. Amma ni a ajina maƙeri zan ci gaba da cewa.