Jama'a a taimaka, me za mu kira birdwatching da Hausa?

Salam 'yan uwa. Masu Hausa a baki dan Allah ku matso, kalma nake nema. Shekara huɗu ke nan nake sammako da kyamara da madubin hangen nesa ina bin shirwa da shaho da sauran halittun da ke gefen gari a nan Zariya, bakin Kubanni, gindin dutsen Kufena, wani lokaci har fadamar Galma, amma har yau in aka ce min malam me kake yi sai in tsaya ina kame-kame. Turawa birdwatching suke cewa, mu kuma fa?

Abin da ya taso da maganar, ranar Asabar ɗin can na tarar an cinna wa wata gona wuta bayan an gama girbi, shirwa suka taru a kan hayaƙin sun fi talatin, fara na tashi suna surarta da ƙafa suna kai wa baki a sama ba tare da sun sauka ba, wutsiyar nan mai baki biyu tana juyawa kamar ana tuƙa kwalekwale da ita. Na durƙusa bayan wata dorawa ina ta ɗauka, sai ga 'yan sintiri biyu a kan babur. Babban ya ce malam lafiya, me ake leƙe? Na ce kallon tsuntsaye nake yi. Ya dube ni ya dubi kyamarar mai dogon baki ya ce kallon tsuntsu, da wannan na'urar? Wallahi ban ga laifinsu ba ko kaɗan, a halin da ƙauyukanmu ke ciki duk wanda ya ga baƙo a laɓe da abin hangen nesa dole gabansa ya faɗi. Sai da na nuna musu hotunan ɗaya bayan ɗaya sannan hankalinsu ya kwanta, ƙaramin ma har ya ce in ƙara girman hoton ya ga faratan. Amma na dawo gida abin na damuna, don kalmar da na faɗa ba ta ɗauki nauyin abin da nake yi ba.

Kallon tsuntsaye fassara ce kai tsaye kuma kowa zai gane, wannan na yarda. Matsalar ita ce kallo a wajenmu na ɗan kallo ne, kallon dambe, kallon bal, ka zo ka tsaya ka tafi. Mu kuwa muna ƙirgawa, muna rubuta rana da wuri, mu san yaushe shamuwa ta iso gab da damina yaushe ta ɓace, wasu cikinmu ma suna tura bayanan wa masu haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos ke jagoranta.

Na tambaya a gurup ɗinmu na WhatsApp an kawo shawarwari da yawa. Wani malamin makaranta ya ce nazarin tsuntsaye, to wannan a bar wa 'yan jami'a masu digiri a kai, ni tela ne da ke fita kafin in buɗe shago. Duban tsuntsaye kuma kun san inda hankalin mutane zai tafi, a ce malamin duba ne ya zo. Leƙe ya fi kowanne muni, daga leƙe sai leƙen asiri. Kiwon tsuntsaye na masu ɗakin tantabara ne da talo-talo. Wata 'yar uwa ta ce bibiyar tsuntsaye, kuma gaskiya ta yi kusa sosai, da ban ji wata ba da ita zan riƙe.

Wadda na ji ɗin daga bakin wani dattijo ce, tsohon maharbi da ke sayar da itace a hanyar da nake bi. Kullum muna gaisawa, rannan na zauna na ba shi labarin 'yan sintirin, ya karɓi madubin ya kara a idonsa ya daɗe yana bin wani shaho da ke kan busasshen reshen rimi, sannan ya miƙo min ya ce ɗana ai farauta kake yi, da ido ne kawai. Na ce Baba maimaita. Ya ce ba sammako kake yi ba? ba sanɗa kake yi ba? ba ka sa rana a bayanka ka sa iska a gabanka ba? Ya ce su a zamaninsu har kan burtu suke ɗaurawa a goshi su sunkuya suna tafiyar tsuntsu don nama ya sake da su, bambancinmu kawai shi yana komawa gida da abin miya ni ina komawa da hoto.

Farautar ido. Tun daga ranar kalmar ta zauna min a baki. Mai yi mafaraucin ido, jam'i mafarautan ido, kuma tana shiga magana ba tangarɗa, na fita farautar ido, gobe akwai farautar ido a bakin dam. Abin da ya ƙara min son ta shi ne ba ta tsaya kan tsuntsu ba, don wanda ya fita irin wannan fitar ba ya rufe ido in kurege ya gilma ko guza ya fito shan hantsi a kan dutse, ni kaina hoton da na fi so a wayata na bushiya ce da na tarar da magariba a bayan katangar unguwarmu. Ta Turancin ma ba ta da wannan faɗin.

Ƙanwata ce ta kawo suka mai ƙarfi kuma ban raina ta ba. Ta ce Yaya kalmar farauta fa tana da jini a jikinta, yaran da ke yawo da danƙo za su ce ai mu ma 'yan uwanku ne, kuma ka dubi abin da ya sami ungulu. Nan kam ta taɓo min inda ke ciwo. Muna yara in ka je kwata ungulu ne jere a kan rufi ba mai ko kallonsu, ana cewa ungulu ba ta jewar banza, yanzu sai in yi wata da watanni ban ga ko ɗaya ba, ana kama su ana sayar da kai da ƙafa wa masu haɗa magani, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa irin namu na gari cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Amsar da na ba ta ita ce yaron mai danƙon nan shi nake so kalmar ta jawo. In ka ce masa zo mu yi nazari ba zai zo ba, in ka ce zo mu je farauta amma da ido, zai biyo ka, kuma ya fi ka sanin inda mujiya ke kwana. Biyu daga yaran layinmu yanzu su ke riƙe min littafin ƙirga, ɗayan shi ya fara nuna min sheƙar shirwa a kan wata doguwar giginya da na yi shekara ina wucewa ban lura ba.

Na yarda a gaban 'yan sintiri ko mai unguwa sai ka ƙara bayani, ka ce hoton tsuntsaye nake ɗauka ba harbi, don kada a ji rabin kalmar a bar rabi. Mutanen Maraɗi da Damagaram, da na wajen Nguru da Haɗeja da tsuntsayen Turai ke sauka musu a fadama lokacin sanyi, in akwai wadda kuke faɗa a can ku kawo ta mu gwada su a baki mu ji. Ni dai na riga na canza sunan gurup ɗinmu zuwa Mafarautan Ido. Asabar mai zuwa ƙarfe 6 na safe a bakin dam, wanda zai zo ya sa kaya masu duhu dan Allah, banda farar shadda.