Kumburin yatsu da sandarewar hannu da asuba: wane likita za mu gani?

Ɗan Kusugu, Daura:
Assalamu alaikum. Yayata ce, shekararta 38, wata biyar ke nan gaɓoɓin yatsunta da wuyan hannu, dama da hagu, suna kumbura. Da asuba hannun yakan sandare, ko butar alwala ba ta iya riƙewa sai hantsi ya dubi ludayi. Ana cewa sanyi ne, ana haɗo mata ƙwayoyi a kemis, ta ji sauƙi kwana biyu ya dawo. Yanzu fuskarta ta fara cika. Likitan ƙashi za mu nema ko wa?

Likita, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ta lafiya. Ba a yanke hukunci ba a ga mara lafiya ba, amma siffar da ka bayar ta amosanin gaɓɓai mai kumburi ce, wanda ake kira rumatoyid. Garkuwar jiki ce ke afka wa fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki har ta fara cin guringuntsi da ƙashi. Ya bambanta da ciwon gwiwar tsufa, wanda ke tsananta da aiki, sandarewarsa kuma ba ta kai rabin awa. Wannan kuwa hutu ne ke tsananta shi.

Ba aikin likitan tiyatar ƙashi ba ne tukuna. Likitan rumatoloji ake buƙata, reshe ne na likitocin cikin jiki. Ku karɓi takardar turawa daga asibitinku zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a rubuta ƙarara cewa ana zargin rumatoyid. Za a yi gwajin jini: ESR da CRP don auna zafin kumburin, sai RF da anti-CCP don neman alamar rumatoyid. Ku sani, wasu na da ciwon amma gwajin RF ya fito babu komai, don haka hannun da likita ya latsa ya fi takarda. Kada ku jira bayan salla ko bayan girbi. Watannin farko su ne ake ceto gaɓa, wadda ta riga ta karkace magani ba ya miƙe ta.

Mai harhaɗa magunguna:
Likita ya gama magana, bari in ƙara kan ƙwayoyin. Cikar fuskar nan alama ce akwai dexamethasone ko prednisolone a haɗin kemis ɗin. Suna kwantar da kumburi nan take, amma in aka daɗe a kansu sai suga da hawan jini da raunin ƙashi su biyo baya. Diclofenac kuma yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Amma Malam, kada ta yanke su rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na dexamethasone da prednisolone, tsayarwa kwatsam na iya kayar da mutum. A kai wa likita kwalayen ko ragowar ƙwayoyin, shi zai rage a hankali.

Maganin da aka fi farawa da shi methotrexate ne. Sau ɗaya a MAKO ake sha, ba kullum ba. Nan ne mutane ke halaka. Ƙwayar yawanci miligiram 2.5 ce, ana farawa tsakanin miligiram 7.5 zuwa 15 a mako, a kan kai miligiram 25. Ta zaɓi rana guda, a rubuta a jikin kwalin. Folic acid kuma a wata ranar daban. Ba a haɗa shi da Septrin ko kaɗan, haɗin na durƙusar da ɓargo. Kafin a fara sai an duba jini, hanta, ƙoda, ciwon hanta nau'in B da C, da hoton ƙirji. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, da yawa a nan suke karaya su koma kemis. Gyambon baki, zazzaɓi, ko tari da sarƙewar numfashi, a dakata a koma asibiti a ranar.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Game da asibitin koyarwa, kada ranku ya ɓaci in likita mai neman ƙwarewa ne ya fara ganinta, ɗalibai na tsaye. Shi zai gabatar wa babban likita. Duk zuwa ana latsa gaɓoɓi 28 a haɗa da sakamakon jini a fitar da maki. Ƙasa da 2.6 ciwo ya kwanta, sama da 5.1 yana kan ganiyarsa, da shi ake ƙara magani ko a sauya. In aka nemi saka ta cikin bincike, sai da yardarta a rubuce, in ta ƙi ba za a rage mata kulawa ba. Don Allah a bar sakiya da tsaga a kan gaɓa mai kumburi.

Ɗan Kusugu, Daura:
Allah Ya saka da alheri. Tana goyo, kuma suna son ƙara haihuwa. Ya ke nan?

Likita, Katsina:
To wannan a faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa methotrexate, yana lahanta ɗan tayi, kuma ana tsayar da shi kamar wata 3 kafin a nemi ciki. Akwai hydroxychloroquine da sulfasalazine da ake ba masu ciki da masu goyo. Na farkon sai an riƙa duba mata ido, na biyun kuma da folic acid kullum in ana neman ciki.